Binne iskar kabon a rijiyoyin mai: tambayoyi da amsoshi daga Birnin Kebbi

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi. Wata rana bayan La'asar muna zaune a ƙofar gida, sai wani dattijo manomin shinkafa da duk muke ce wa Baba ya dube ni ya ce: "Malam, na ji a rediyo wai Turawa na kama hayaƙi su turbuɗe shi ƙarƙashin ƙasa, wai kuma shi ke fito masu da mai. Wagga magana gaskiya ta?" Na ce masa gaskiya ce. Aka kira Magariba ban gama bayani ba. Daga baya ɗalibaina da abokan aiki suka riƙa ƙaro nasu tambayoyin, shi ne na tattara su a nan.

Wace iska ce wannan da ake binnewa?

Sunanta kabon dayokzaid, masana na rubuta ta CO2, mu kuma a nan za mu riƙa ce mata iskar kabon. Ita kake fitarwa duk lokacin da ka saki numfashi, ita ce kumfar da ke tasowa idan ka buɗe lemon kwalba. Duk abin da aka ƙona, itace ne ko gawayi ko fetur ko gas, sai ya sake ta. Shuka ma da ita take haɗa abincinta, don haka a karan kanta ba mugun abu ba ce.

Yawanta ne ya zama damuwa. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan na iskar duniya kusan 280 ne na kabon. Yau ta haura 420. Tana riƙe zafin da ya kamata ya fice daga duniya, kamar bargo a kan mai barci, kuma ita ce babbar musabbabin ɗumamar yanayi.

Ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki?

A'a. Waccan kabon monokzaid ce, guba ce da ke shiga jini ko da kaɗan ce. Ta kabon dayokzaid sai ta taru da yawa a wuri guda take kisa. Za mu zo kan wannan.

To me ya haɗa iska da rijiyar mai?

Da yawa daga cikinmu na zaton mai kwance yake a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki, sai a zura bututu a zuƙo. Ba haka yake ba. Yana maƙale ne cikin ƙananan ƙofofin dutse, dutsen yashi ko na farar ƙasa, kamar yadda ruwa ke zama cikin jikin sabuwar randa.

Idan aka haƙa rijiya, da farko mai na tasowa da ƙarfin matsin da ke ƙasa. Wannan ba ya daɗewa, kuma galibi kusan kashi 10 cikin 100 kawai yake fitarwa. Daga nan sai a koma tura ruwa ta wasu rijiyoyi don ya koro man zuwa wasu. Da wannan akan kai kashi 20 zuwa 40. Ka ga ke nan filin da ake cewa ya ƙare, fiye da rabin mansa na nan a ciki.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ƙuli-ƙuli ya san wannan hali. Ina yaro nakan tsuguna gefen turmi ina kallon Inna tana juya niƙaƙƙiyar gyaɗa. Da farko mai kan ɗan tsattsafo da kansa. Sai ta yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa, har gumi ya jiƙa mata ɗankwali, mai ya taso ta kwashe da ludayi. Ta matse, ta sake matsewa. Duk da haka in ka murza tunkuzar a tafin hannu sai ka ga maiƙo. Wannan ragowar ce masu haƙar mai ke bi da iskar kabon.

Dalilin da ya sa ruwa ke gazawa kuwa, je ka garejin bakanike ka gani. In baƙin mai ya ɓata masa hannu, ba ya ɓata lokaci da ruwa, fetur yake ɗan zubawa ya murza, don fetur na narkewa da mai su zama abu guda. Haka iskar kabon ke yi a can ƙasa idan matsi ya isa. Tana shiga cikin ɗanyen mai, ya kumbura, kaurinsa ya ragu, ya saki jikin dutse ya gangara zuwa rijiya. Sau da yawa akan tura iska, a bi ta da ruwa, a sake tura iska, don kada ta yi gaba ta bar man a baya. Ta haka akan ƙara samun kamar kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na man da filin ya ƙunsa tun asali, wanda a babban fili miliyoyin ganguna ne.

Iska fa ce. Yaya za ta wanke mai kamar fetur?

A can ƙasa ba ta nan a yadda muka san ta. Idan zafi ya wuce digiri 31 a ma'aunin Salshiyos, matsi kuma ya ninka na iskar da muke ciki kusan sau 73, sai ta koma wani hali tsakanin iska da ruwa: tana da nauyi kusa da na ruwa, tana kuma ratsa ƙofofin dutse kamar iska. Akan samu wannan yanayi daga zurfin mita 800 zuwa ƙasa. Girmanta kuma na tsukewa fiye da ninki 200. Iskar kabon da za ta cika ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, uku tsayi, a can ƙasa durom ɗaya ya ishe ta.

Sabuwar dabara ce?

Ta girmi yawancin masu karanta wannan. An fara ta da gaske a 1972 a filin mai na SACROC da ke jihar Texas ta Amurka, kuma a lokacin ba wanda ke zancen yanayi, mai kawai ake nema. A shekarar 2000 aka soma tura iskar kabon cikin filin Weyburn na Kanada, ana kawo ta ta bututu mai fiye da kilomita 300 daga wata masana'antar sarrafa kwal a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka, masana kuma suka shafe shekaru suna bin sawunta a ƙarƙashin ƙasa. Saudiyya ta fara nata a Usmaniyya cikin filin Ghawar a 2015. Abu Dhabi ta bi a 2016 da iskar da take kamawa daga masana'antar ƙarfe. Na Saudiyya da na Abu Dhabi kowannensu an tsara shi ne kan kusan tan 800,000 a shekara. Brazil ma na mayar da iskar da ke fitowa tare da manta cikin rijiyoyinta na teku.

Akwai wani nau'in da ba ruwansa da fitar da mai. A Sleipner ta ƙasar Norway, tun 1996 ake tura iskar kabon cikin dutse mai ruwan gishiri a ƙarƙashin teku don ajiya kawai. A riƙa bambance su, domin masu talla na yawan haɗa su a suna ɗaya.

In mai ya fito, ba tare za su fito ba?

Wani kaso na dawowa tare da man. Amma da kuɗi aka sayo ta, don haka ba a sake ta. Ana raba ta da mai, a sake matse ta, a mayar. Kowane zagaye wata na maƙalewa a ƙasa, har a ƙarshe mafi yawan abin da aka sayo ya zauna can.

Me zai hana ta tsiyayowa sama bayan shekaru?

Abu na farko shi ne murfi. Duk inda mai ya taru, akwai shimfiɗar dutse marar ƙofa a samansa, irin na laka ko na gishiri. Ba don shi ba da man ya gudu tun tuni. Murfin da ya riƙe mai da gas miliyoyin shekaru ya riga ya nuna ƙwarinsa, kuma wannan ce babbar hujjar masu son a yi ajiya a tsofaffin filayen mai. Bayan murfi, wata iskar na karyewa ɗigo-ɗigo ta maƙale cikin ƙofofin dutse, wata ta narke cikin ruwan gishiri da ragowar mai, wata kuma a hankali ta haɗu da ma'adinai ta zama dutse. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2005, wurin da aka zaɓa da kyau aka kuma kula da shi, akwai kyakkyawan zaton zai riƙe fiye da kashi 99 cikin 100 har shekara 1,000.

Sharaɗin nan na zaɓe da kulawa shi ne wurin tsayawa. Tsohon filin mai ya sha huji. Akwai rijiyoyin da aka haƙa shekara hamsin ko sittin da suka wuce, wasu an toshe su da siminti yadda ya kamata, wasu an yi aikin ganin ido, wasu ma takardunsu sun ɓace. Iskar kabon in ta haɗu da ruwa tana yin tsami mai cin ƙarfe da siminti sannu a hankali. Rijiya ɗaya da aka manta da ita ta isa ta zama ƙofa. Sannan in aka matsa da yawa dutsen na iya tsagewa. A In Salah ta Aljeriya an tura kusan tan miliyan 3.8 daga 2004, tauraron ɗan'adam ya nuna ƙasar wurin ta ɗan kumbura, sai aka dakatar da turawa a 2011 saboda damuwa kan murfin.

Mun ji abin da ya faru a Kamaru. Ba irinsa za a jawo mana ba?

A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos ya amayar da iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Da yake ta fi iska nauyi, sai ta bi kwari ta rufe ƙauyuka. Mutum fiye da 1,700 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500. Allah Ya jiƙansu. Sai dai Nyos tafki ne a bakin tsohon dutse mai aman wuta, ruwa kawai ke danne iskar, babu murfin dutse. Wadda ke cikin ƙofofin dutse a zurfin kilomita ɗaya ko biyu ba ta da hanyar fitowa gaba ɗaya a dare guda.

Haɗarin da ya fi kusa da mutane yana jikin bututu da bakin rijiya. A watan Fabrairun 2020 bututun iskar kabon ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a jihar Mississippi ta Amurka. An kwashe mutum kusan 200, 45 suka je asibiti. Motoci suka riƙa mutuwa a hanya, don inji ma sai da iskar shaƙa yake aiki. Ba a rasa rai ba.

Mutanenmu sun san wannan iska ko da ba su san sunanta na boko ba. Na taɓa ganin wani tsohon mai haƙar rijiya a ƙauyenmu zai shiga yasar tsohuwar rijiya. Bai taɓa igiyar sauka ba sai da ya ɗaura fitila a guga ya zura a hankali, yana leƙe. Ana kusa da ruwa harshen wutar ya lanƙwashe ya mutu. Ya janyo gugan ya ce da yaronsa, "Yau ba mu shiga." Suka ɗauro ganye a igiya suna sama da ƙasa da shi don iska ta motsa. Ba ta da launi, ba ta da warin da zai gargaɗe ka, kuma wuri mai gangare take nema. Gari irin namu da rabinsa fadama ne dole ya san da haka kafin bututu ya ratsa shi.

Ruwan shanmu fa?

Wannan ce tambayar da na fi so a riƙa yi. Rijiyoyin burtsatse na Birnin Kebbi da Argungu da kewaye na shan ruwa ne daga shimfiɗun yashi na ƙarƙashin ƙasa, irin wanda masana suka raɗa wa sunan Gwandu. Ajiyar iskar kabon na can ƙasa da ruwan sha nesa, da duwatsu a tsakani. Amma in ta sami hanya ta hau, tana sa ruwa ya yi tsami, ruwa mai tsami kuma na iya narkar da ƙarafa masu guba daga jikin dutse. Matsin turawar ma na iya koro ruwan gishiri zuwa sama.

Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubar da ke fitowa daga ƙasa. A 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma. Sanadin daban ne, amma abin da ya faru shi ne an yi ta aiki ba wanda ya auna, sai da ƙananan kaburbura suka yi yawa. Don haka duk inda za a yi irin wannan aiki, a auna ruwan rijiyoyin gari tun kafin a fara, a ajiye sakamakon a hannun mutanen gari.

In ana binne iska don a fito da mai, man kuma a ƙona shi, ba gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago ba?

Nan ne zuciyar maganar, kuma lissafi ne ke raba gardama. Gangar ɗanyen mai lita 159 ce. In aka ƙona abin da ke cikinta, tana sakin kusan kilo 430 na iskar kabon. A filayen Amurka kuma akan tura kamar kilo 300 zuwa 600 don a sami ganga ɗaya. Ka ga sun yi kusan kunnen doki, tun ba a sa wutar da aka ci wajen kama iskar da matse ta, da tace man da dakonsa ba.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: daga ina iskar ta fito? Shekara da shekaru, mafi yawan wadda ake amfani da ita a Amurka ba daga hayaƙin masana'anta aka kamo ta ba. Haƙo ta ake yi daga inda Allah Ya ajiye ta a ƙarƙashin ƙasa, kamar McElmo Dome a Colorado da Bravo Dome a New Mexico da Jackson Dome a Mississippi. An ciro ta daga rami an kai ta wani rami, an sami mai a tsakani. Wannan bai rage wa sararin sama komai ba.

Idan daga bututun hayaƙin masana'anta aka kamo ta, to akwai riba ta gaske, domin da sama za ta tafi. Masu goyon baya na cewa duniya za ta sayi mai ko ta yaya, gara a fitar da shi daga tsohon fili ana binne iska da a je a buɗe sabo. Masu adawa na cewa ƙarin mai a kasuwa ƙarin ƙonawa ne. A ganina kowanne na da gaskiya a wani gefe. Man da aka fitar ta wannan hanya da iskar masana'anta ya fi sauran sauƙin illa, amma ban yarda a kira shi maganin ɗumamar yanayi ba. Duniya na sakin kusan tan biliyan 37 a shekara daga mai da kwal da gas da siminti. Duk na'urorin kama iskar kabon da ke aiki a duniya, ƙarfinsu kusan tan miliyan 50 ne, kuma fiye da rabin abin da suke kamawa wajen fitar da mai yake tafiya.

Me ya sa kamfanoni ke sonta?

Tana tsawaita ran filin da ya tsufa, ga rijiyoyi da hanyoyi an riga an gina. Wasu gwamnatoci kuma na ba da rangwamen haraji. Dokar Amurka ta 2022 ta sa dala 85 kan kowane tan da aka binne don ajiya, dala 60 kan wanda aka yi aikin mai da shi. Amma aikin na rataye ne a wuyan farashin mai. Tashar Petra Nova a Texas, wadda ta ci kusan dala biliyan ɗaya, ta fara kama hayaƙin kwal a 2017, aka rufe ta a 2020 da farashin mai ya faɗi, sai 2023 ta dawo.

Ana yi a Najeriya?

Har yanzu maganar ba ta wuce nazari da tsare-tsare ba. Inda ta fi dacewa shi ne yankin Neja Delta, inda ake haƙar mai tun bayan gano shi a Oloibiri a 1956, ga tsofaffin filaye birjik. Najeriya ta yi alƙawari a taron yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 abin da take saki ba zai wuce abin da take kawarwa ba.

Sai dai akwai aikin da ya riga wannan. Dokar 1979 ta ce daga farkon 1984 a daina ƙona gas ɗin da ke fitowa tare da mai. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya, wutar na ci dare da rana, kuma muna cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a duniya. Kashe wannan wuta ya fi araha, ya fi sauri, gas ɗin kuma da ya zama wutar lantarki ko takin yuriya da manoman fadamar Rima ke saye da tsada. Ƙasar da za ta ɗauki amanar tsare iska shekara dubu, ta fara nuna ta iya cika wannan tsohon alƙawari.

Ƙasar Kebbi da Zamfara za ta karɓi irin wannan ajiya?

Ba ko'ina ba. Kudancin Zamfara da ɓangaren Zuru da Yawuri tsohon dutse ne mai tauri, irin mai ɗauke da zinariya, ba shi da ƙofofin da iska za ta zauna. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Sakkwato kuwa shimfiɗun yashi ne da laka, ɓangare na wani babban kwari da ya miƙa cikin Nijar, amma kaurinsu bai kama ƙafar na Neja Delta ba, inda ya haura kilomita 10. Ba a kuma haƙar mai na kasuwa a nan, balle a yi zancen tsohuwar rijiya.

To mu ina ruwanmu?

Baba ma haka ya ce. Na tuna masa ambaliyar 2020, lokacin da ruwa ya shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan ana dab da girbi, shi kansa bai tsira da buhu goma ba. Ɗan Najeriya ɗaya bai sakin tan guda na iskar kabon a shekara, Ba'amurke na sakin kusan 14, amma zafi da rikicewar damina ba sa tambayar wa ya saki. In aka ƙidaya iskar da ba ta rage komai ba a matsayin an rage, mu ne za mu biya a gona.

Harkar mai kuma na matsowa. An ƙaddamar da haƙa a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a watan Nuwamban 2022. Bututun man Nijar mai kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya bi ta wajen Gaya, ga Kamba nan kusa. A Kalambaina ta Sakkwato ana gasa farar ƙasa a yi siminti, kuma ita kanta farar ƙasar ce ke sakin iskar kabon, ko da wane irin makamashi aka gasa ta. A irin wannan masana'anta ne kama iska ke da ma'ana sosai.

In aka zo garinmu da maganar, me za mu tambaya?

Tsarin mulki ya ba gwamnatin tarayya duk mai da ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, amma gona da rijiya da numfashi na mutanen gari ne. Ku tambayi inda iskar ta fito, da zurfin da za a kai ta, da adadin tsofaffin rijiyoyin da ke wurin da wanda ya duba su. Ku tambayi wanda zai riƙa aunawa, kuma kada ya zama mai aikin ne kaɗai, don ba a ba kura ajiyar nama. Ku nemi a nuna muku hanyar bututu a ƙasa, ku taka ta da ƙafa tare da mai gari, ku ga ko ta bi ta saman ƙauyen da ke cikin kwari. Asibitin da ya fi kusa yana da tukunyar iskar shaƙa? In kamfanin ya tattara ya tafi bayan shekara talatin, sunan wa ke kan takardar kula da wurin? Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikin kamfani don al'ummar da ake haƙa a ƙasarsu, sai ku ji ko garinku na ciki. Duk amsar da aka ba ku a rubuta ta da Hausa, a karanta a bainar jama'a, liman da mai gari da shugabar mata kowa ya riƙe kofi.